Nazarin lamari: furfurar jariri a Makka da makunnin da ya ƙi aiki

Yaron ɗan Makka ne, daga zuriyar Hausawan nan da suka taho Hajji ta ƙasa, suka ratsa Chadi da Sudan, suka haye Bahar Maliya daga Sawakin, suka ga wuri suka zauna. Gidansu yana cikin unguwannin bayan Shara Mansur, inda har yau tsofaffi ke zuba Hausa tsantsa, matasa kuma suna gauraya ta da Larabci. An sakaya sunansa da na iyayensa da na asibitocin da suka bi. Uwarsa da ubansa 'ya'yan wa da ƙani ne, auren gida aka yi musu. Sun yi gwajin kafin aure wanda Saudiyya ta wajabta tun 2004, takardarsu ta fito fes, suka kwantar da hankali. Sai dai gwajin nan sikila da talasemiya yake dubawa, daga 2008 kuma aka ƙara masa ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C. Abin da ke ɓoye a jininsu ba ya cikin jerin.

An haife shi lafiya, da nauyinsa daidai, amma gashin kansa launin toka ne mai ƙyalli, haka girarsa, haka gashin idonsa. Fatarsa ta ɗan fi ta iyayensa haske. Mata masu zuwa barka kowa da fassararta. Wata ta ce zabiya ne. Wata ta ce a'a, zabiya idonsa rawa yake yi kuma ba ya son rana, wannan kuwa ga idonsa nan baƙi wuluk yana kallon mutane. Wata ta tuno wani kakan kaka da aka ce Buzu ne. Ranar suna aka yi masa aski, aka auna gashin aka ba da sadakar azurfa gwargwadon nauyinsa kamar yadda sunna ta koyar, aka binne gashin. Ya sake tofowa da launinsa na da. Da yake yaron yana shan nono yana ƙiba, ba wanda ya kawo zancen tamowa, wadda ita ma takan sauya launin gashi. Haka aka bar maganar fiye da shekara.

Zazzaɓin da ya ƙi sauka

Yana wata 14 zazzaɓi ya kama shi bayan 'yar mura. A wani ƙaramin asibitin unguwa aka ba shi farasitamol da maganin kashe ƙwayoyin cuta na sha. Jiki ya ƙi yin sanyi, aka koma, aka canza wani. A gida kuma ana ta tofi, ana ba shi Zamzam, ana shafa masa man habbatussauda, don wasu na ganin baki ne ya kama shi saboda yawan tanka gashinsa. Sati na biyu cikinsa ya kumbura, tafin hannunsa ya yi fari fat, ga tabon jini ya fara fitowa a ƙafafunsa ba tare da ya bugu ba. A nan aka garzaya da shi babban asibiti.

Likita ya shafa cikin ya ji saifa ta sauko har kusa da cibiya, hanta ma ta yi girma. Gwajin jini ya nuna abubuwa uku sun faɗi tare: jajayen ƙwayoyin jini, da fararen da ake kira nutrofil, da ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini. Duk likitan yara da ya ga haka sankarar jini ce za ta fara zo masa a rai. Kuma Makka gari ne da duniya ke shigowa da cututtukanta, don haka an nemi maleriya, an nemi taifot, an nemi cutar burusela da ake ɗauka daga ɗanyen nonon raƙumi ko na awaki, an kuma nemi kala-azar, wadda ake samu a yankin Jizan da kuma Gadarif ta Sudan, wadda ita ma zazzaɓi da kumburin saifa ne tambarinta. Duk babu. Abin da aka samu a jininsa shi ne ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda kusan kowa ke kamuwa da ita a ƙuruciya ya warke bai ma sani ba.

Da aka zuƙo ɓargon ƙashinsa aka shimfiɗa a gilashi, babu sankara. Abin da aka gani shi ne manyan ƙwayoyin nan masu share dattin jiki, makarofaj, sun haɗiye jajayen ƙwayoyin jinin yaron ɗungum, ana hango su a cikinsu. Sinadarin feritin, mai adana ƙarfe a jiki, ya haura dubbai, maiƙon jini ya yi sama, sinadarin daskarar da jini ya yi ƙasa. Wannan yanayi shi ake kira HLH, wato garkuwar jiki ta tunzura ta ƙi lafawa har ta koma cin mai ita. Ƙa'idar da aka fitar a 2004 ta jera alamomi 8, idan mutum ya cika 5 an tabbatar: zazzaɓi, kumburin saifa, faɗuwar aƙalla nau'i 2 na ƙwayoyin jini, hawan maiƙon jini ko saukar sinadarin daskarewa, ganin ƙwayoyi na cin 'yan uwansu, feritin daga 500 zuwa sama, raunin wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira NK, da hawan wani sinadari mai suna CD25 daga 2,400 zuwa sama. Yaron ya cika 6 tun kafin sauran sakamako su dawo.

HLH suna ne na gobarar, bai faɗi abin da ya kunna ta ba. Tambayar da ta buɗe hanya wata matashiyar likita ce ta yi ta, da ta cire wa yaron hular sanyi za ta duba kunnensa: tun yaushe gashinsa yake haka, kuma akwai mai irinsa a dangi? Uban ya ce tun haihuwa, kuma babu. Uwar ta sunkuyar da kai. Kakar yaron ta wajen uba, wadda Larabcinta na kasuwa ne kawai, ta tambayi ɗanta me likita ta ce. Da ya fassara mata sai ta ce, "Kai, ka gaya mata gaskiya mana. Wancan da ya koma ai haka kansa yake." Ya ce, "Inna, wancan ai zazzaɓi ne." Ta ce, "To wannan fa mene ne?"

Ashe sun taɓa samun ɗa namiji mai irin wannan gashi, ya rasu kafin yaye, bayan zazzaɓi da kumburin ciki na 'yan makonni. An tambayi iyayen yawan 'ya'yansu ranar da aka kwantar da yaron, suka ƙidaya masu rai. A wurinmu ba a cika lissafa wanda ya koma ba, uwa kuma ba ta son a fara yi mata kallon mai wabi. Duk ma'aikacin lafiya da ke karɓar tarihin iyali daga Bahaushe ya kamata ya raba tambayar gida biyu, haihuwa nawa aka yi, nawa ne ke raye, in ba haka ba rabin labarin zai ji.

Daga nan aiki ya yi sauƙi. Aka tsinko 'yan silin gashi aka ɗora a gilashi, aka ɗiga mai, aka leƙa ta madubin ƙara girma. A gashin mai lafiya launi yana bazuwa ne sumul, kamar an barbaɗa gari. A nasa kuwa launin ya dunƙule manya-manya, ba tsari, a tsakiyar silin, tsakaninsu fili fayau. Akwai wata cuta mai kama da wannan, Chediak-Higashi, amma ita dunƙulenta ƙanana ne a jere, kuma ana ganin ƙatta-ƙattan ƙwayoyi a cikin fararen ƙwayoyin jini. Nasa ba su da su. Wani gwajin jini mai suna CD107a ya nuna ƙwayoyin garkuwar jikinsa masu kashe cuta ba sa iya sakin abin da ke cikinsu. Bayan makonni gwajin ƙwayoyin gado ya dawo: kwafi biyun na ƙwayar gado mai suna RAB27A, wanda ya gada daga uwa da wanda ya gada daga uba, suna ɗauke da lahani iri ɗaya. Ciwon Griscelli nau'i na 2 ke nan, wanda Claude Griscelli da Michel Pruniéras suka fara bayyanawa a Faransa a 1978, aka kuma gano RAB27A ce sanadinsa a 2000.

Me ya haɗa gashi da saifa?

Uban ne ya yi wannan tambaya, kuma ita ce ainihin abin da ya sa lamarin ya cancanci nazari.

Cikin kowace ƙwayar halitta akwai sassa daban-daban, kowanne kewaye da tantaninsa na maiƙo: inda ake haɗa furotin, inda ake gyara shi a tantance, inda ake narkar da shara. Furotin ba ya ratsa tantani haka siddan. Idan za a kai kaya daga wani sashe zuwa wani, ko a fitar da su waje, sai tantanin ya kumburo ya tsinke ya zama 'yar jaka, da yawa faɗinsu bai wuce nanomita 50 zuwa 100 ba, a ja ta zuwa inda za ta, ta manne da tantanin can ta juye abin da ke cikinta. Binciken yadda wannan jigila ke gudana shi ya ba James Rothman da Randy Schekman da Thomas Südhof kyautar Nobel a 2013.

Dubban jakunkuna ne ke kai-komo a lokaci guda, to yaya kowace ke sanin inda za ta? Wanda ya taɓa tsayawa a tashar alhazai ta filin jirgin Jidda ya ga amsar: jakunkuna kusan iri ɗaya jibge, ɗan dako ba ya buɗe ko ɗaya, takardar da aka liƙa a jiki yake karantawa ya san motar da zai jefa ta. Furotin ɗin da ake kira Rab su ne wannan takarda, illa dai ita tana kunnuwa tana mutuwa. Ɗan Adam yana da nau'insu fiye da 60. Rab1 na kan hanyar da ke tsakanin wurin haɗa furotin da wurin tantance shi, Rab5 na kan jakunkunan da suka shigo daga waje, Rab7 na karɓarsu idan sun nufi wurin narkarwa, Rab11 na mayar da abin da za a sake amfani da shi. A 1987 Antti Salminen da Peter Novick suka nuna a cikin yis cewa idan ɗaya daga irin waɗannan furotin, Sec4, ya lalace, jakunkuna sai su taru a ciki su kasa fita. A shekarar ne kuma masu bincike a Faransa suka gano 'yan uwansa a ƙwaƙwalwar ɓera.

Yadda makunnin ke aiki kuwa haka ne. Rab yana da aljihu da ke riƙe ɗayan sinadarai biyu: GDP mai fosfet 2, ko GTP mai fosfet 3. Idan GDP ne a ciki, a kashe yake. A wannan hali wani furotin mai suna GDI yana rungume da shi a cikin ruwan ƙwayar, ya rufe masa jelarsa ta maiƙo, wadda galibi guda 2 ce, kowace mai kabon 20, don kada ya manne a tantanin da ba nasa ba. Idan ya iso tantanin da ya dace, akwai wani furotin da ke jiransa a can, GEF, wanda ke buɗe aljihun ya fizge GDP. Da yake GTP ya ninka GDP yawa kusan sau 10 a cikin ƙwayar halitta, shi ke faɗawa gurbin. Fosfet ɗin nan na uku yana janyo wasu sassa 2 na jikin Rab da suke lilo a da, su tsaya cak cikin sabuwar siffa. Wannan siffa ita ma'aikata ke ganewa: masu jan jaka, masu ɗaure ta a bakin tantani, masu shirya haɗewa. Idan aiki ya ƙare sai GAP ya zo. Rab da kansa yana iya yanke fosfet na ukun, amma a hankali ƙwarai. GAP ne ke hanzarta shi ninkin-ba-ninki. GTP ya koma GDP, ma'aikata su saki, GDI ya tumɓuke shi daga tantani, a sake zagayowa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tsarin nan shi ne Rab ba ya ja, ba ya ɗaurewa, ba ya hudawa. Cewa kawai yake yi nan ne, yanzu ne. Ɗan ƙaramin furotin ne, Rab27a amino asid 221 ne kacal, amma idan ya yi shiru, manyan injinan da ke kewaye da shi duk lafiyarsu ƙalau sai su zauna ba aikin yi.

A fata da gindin gashi akwai ƙwayoyi masu haɗa baƙin launi, melanosait. Kowace tana miƙa rassa zuwa maƙwabtanta, a fata guda ɗaya tana ciyar da kimanin 36. Launin ana dafa shi ne a cikin jakunkuna na musamman, a ɗora su kan dogayen zaruruwa da ke tashi daga tsakiyar ƙwayar zuwa ƙarshen rassa. Zaruruwan nan hanya ce mai zuwa da dawowa. Jakar da ta kai ƙarshe ba a kama ta ba, komowa take yi. Mai kama ta ƙungiya ce ta uku: Rab27a a kunne yana manne a jikin jakar, ya riƙe melanofilin, melanofilin ya riƙe mayosin Va, shi kuma mayosin ya taka gajerun zaruruwan aktin da ke bakin reshe. A jikin yaron nan Rab27a ba ya aiki, don haka launin yana nan, an dafa shi sarai, amma ya cunkushe a tsakiyar melanosait bai isa ga maƙwabta ba. A gashi sai ya shiga a dunƙule, haske ya ratsa filin da ke tsakani, ido ya ga azurfa. Bambancinsa da zabiya ke nan: zabiya haɗa launin ne ya gagara, shi kuwa rabawa ce.

Da a nan abin ya tsaya, da ba wanda zai kwana a asibiti. Amma ƙwayoyin garkuwar jiki masu kisa, wato ƙwayoyin T masu kisa da ƙwayoyin NK, su ma da Rab27a suke aiki. Suna yawo da jakunkunan dafi masu ɗauke da farforin, wanda ke huda tantani, da giranzaim, wanda ke shiga ta hujin ya sa ƙwayar da cuta ta shiga ta kashe kanta. Idan mai kisa ta gano wadda ta kamu, sai ta manne mata, ta tattaro jakunkunan zuwa wurin da suka haɗu. Binciken da aka yi a kan ɓeraye masu irin wannan lahani a 2001 ya nuna jakunkunan suna isowa kusa, taki na ƙarshe ne ke gagara. A nan Rab27a ba melanofilin yake kamawa ba, wasu abokan aiki ne, babbansu Munc13-4, wanda ke shirya jakar a bakin tantani kafin furotin ɗin SNARE irin su sintaksin 11 su haɗe tantanin biyu. CD107a da aka auna wa yaron a bangon ciki na jakar yake zaune. Sai jaka ta fashe waje yake bayyana a fuskar ƙwayar. Rashin ganinsa shaida ce dafin bai fita ba.

Mai kisa da ta kasa kisa ba ta haƙura ta tafi. Tana nan manne, tana ta kwarara sinadaran kiran taimako, musamman intaferon gama, waɗanda ke fita ta wata hanya dabam da lahanin bai taɓa ba. Kiran yana tunzura makarofaj, su kuma su ƙara tunzura ƙwayoyin T. Ga shi kuma a jikin mai lafiya masu kisan nan su ne ke kashe ƙwayoyin da suka tayar da faɗan idan an gama, ta haka rigima ke mutuwa. A jikinsa babu mai kashe ta. Zazzaɓin, da saifar, da jinin da ke ƙarewa, duk daga nan suke.

Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa bayanin nan daidai ne ita ce yadda kowane ɓangare idan ya karye yake ba da cutarsa. Lahani a mayosin Va, wanda aka gano a 1997, yana ba da gashin azurfa da naƙasar ƙwaƙwalwa, garkuwar jiki lafiya: nau'i na 1. Lahani a melanofilin, 2003, gashin azurfa ne kawai, mutum ya rayu abinsa: nau'i na 3. Lahani a Munc13-4 yana ba da HLH da baƙin gashi. Rab27a ne kaɗai ke tsaye a mararrabar hanyoyin biyu. Saboda haka gashi shi kaɗai ba ya faɗin nau'in, sai an yi gwaji. Kuma an samu masu lahani a RAB27A da gashinsu baƙi ne, don lahanin nasu ya hana kama Munc13-4 bai hana kama melanofilin ba.

Magani

An fara da kashe gobarar: deksametason da etofosaid na tsawon mako 8, bisa tsarin da aka daɗe ana bi tun 1994. Uban ya tirje da ya ji etofosaid maganin sankara ne. "Likita, kun ce ba sankara ba ce." Aka zaunar da shi aka yi masa bayani cewa maganin yana kashe ƙwayoyin T da suka tunzura ne, kuma HLH irin na gado idan ba a yi magani ba kisa yake yi cikin 'yan watanni. Ya sa hannu. Ruwan da aka ɗebo daga ƙashin bayan yaron ya nuna ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa, abin da ya yawaita a wannan nau'i, don haka aka riƙa yi masa allurar metotireksat ta nan. An yi ta ƙara masa jini, samarin unguwa na zuwa bayarwa bayan Isha'i. Zazzaɓi ya sauka, saifa ta koma, fuskarsa ta yi kumtu saboda deksametason, ya koma kukan abinci dare da rana.

Wannan duk sayen lokaci ne. Ciwon zai dawo da mura ta gaba ko ta bayanta, tunda makunnin yana nan a lalace. Ƙwayoyi masu kisa daga ɓargo suke fitowa, maganin dindindin shi ne a sauya ɓargon. Aka tura su Riyad. Saudiyya ba baƙuwar wannan ciwo ba ce: tun 1992 likitocin Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal suka wallafa bayanin yara masu dusasshen launi da raunin garkuwa da ciwon ƙwaƙwalwa, shekara 8 kafin a san sanadin, kuma asibitin na cikin wuraren da suka fi yi wa irin waɗannan yara dashen ɓargo a duniya. Iyalin nan 'yan ƙasa ne, hukuma ce ta ɗauki nauyi. Bahaushen Makka mai zama da igama, wato takardar izinin zaman baƙo, balle wanda ba shi da takarda, hanyarsa zuwa irin wannan gado ta fi tsawo nesa ba kusa ba, kuma ciwon ba ya duba fasfo.

Kowane ɗan uwa na ciki ɗaya yana da damar 1 cikin 4 ɓargonsa ya dace. Yayarsa mai shekara 9 ta dace. Gwaji ya nuna tana ɗauke da kwafi ɗaya mai lahani da ɗaya mai lafiya, kamar iyayenta, kuma hakan bai hana ta bayarwa ba, don kwafi ɗaya ya isa aiki. Uwar ce ta fi shan wahalar yanke shawara. Ta ce wa mijinta, "Abban yara, ɗaya ya tafi, ɗaya na kwance, yanzu kuma a sa wa mai lafiyar allurar barci?" Sai da likitar ta nuna mata ainihin allurar da za a zuƙi ɓargon da ita daga ƙashin ƙugu, ta kuma faɗa mata ɓargon yarinyar zai mayar da kansa cikin 'yan makonni. Aka ba yaron magunguna masu ƙarfi da suka share nasa ɓargon, aka ɗura masa na yayarsa ta jijiya, ba tiyata, kamar ƙarin jini. Ya yi makonni a ɗakin keɓewa, bakinsa duk gyambo. A mako na uku fararen ƙwayoyin jini suka fara tasowa. Daga baya ƙuraje suka feso masa, alamar sabuwar garkuwar tana ɗan faɗa da jikin da ta tarar, aka shawo kansu da magani.

Yanzu jininsa na yayarsa ne, gwajin CD107a ya dawo daidai. Bincike ya nuna ko kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na ƙwayoyin mai bayarwa ya isa kare mutum daga dawowar HLH, shi kuwa nasa ya wuce haka sosai. Ya yi jinkirin tafiya, ƙafarsa ta hagu tana ɗan ja, ana yi masa gashin ƙashi da motsa jiki. Wannan tabon abin da ciwon ya yi wa ƙwaƙwalwa ne kafin a gano shi. Yaran da aka yi wa dashe kafin gobarar ta tashi sun fi tsira kuma sun fi fita ba tabo, shi ya sa wata 14 ɗin nan da aka yi ana kallon gashinsa ana sha'awa suka yi tsada. Launin gashin bai canza ba, ba kuma zai canza ba, don melanosait ba daga ɓargo suke fitowa ba. Haka nan duk ɗan da zai haifa zai gaji kwafi ɗaya mai lahani daga gare shi.

Abin da ya rage wa dangi

Da labari ya iso gida cewa ciwon na gado ne, wasu matan suka fara raɗe-raɗin jinin uwar ne. Lissafi bai goyi bayansu ba. Sai kwafi biyu sun haɗu ciwon ke fitowa, ɗaya daga kowane ɓangare, kuma tunda iyayen 'ya'yan wa da ƙani ne, mafi kusa shi ne ta wajen kakannin maza biyu lahanin ya gangaro. Kowane ciki da uwar za ta ɗauka yana da kasadar 1 cikin 4, kuma ba ya tuna na baya. An haifi biyu masu ciwo ba ya nufin na gaba ya tsira. An faɗa musu zaɓin da ke akwai: gwada ɗan tayi a farkon ciki, ko haɗa ƙwai a ɗakin gwaji a zaɓi mai lafiya kafin a dasa shi a mahaifa, wanda ana yi a Saudiyya, ko a jira haihuwa a gwada jaririn nan take. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta ba da fatawa a 1990 cewa ana iya zubar da ciki kafin kwana 120 idan kwamitin likitoci ya tabbatar da mummunar naƙasa marar magani. Ko ciwon da dashen ɓargo ke iya warkarwa ya shiga ƙarƙashinta, wannan sai malamai da likitoci sun zauna. Iyayen dai sun ce ba su kai nan ba.

Binciken da aka yi a Saudiyya a shekarun 1990 ya nuna fiye da rabin aure na dangi ne, Hausawan Makka kuma sun zo da al'adar daga gida suka tarar da ita a nan. Ban ga amfanin tsayawa ana tsine wa auren zumunci ba, don ba za a ji ba, kuma yawancin 'ya'yansa lafiya suke. Idan mutum yana ɗauke da wani lahani da ba a cika samu ba, damar ɗan baffansa ma yana da shi 1 cikin 8 ce. Abin da ya bambanta gidan nan da sauran shi ne yanzu an san harafin da ya karye a cikin RAB27A ɗinsu, gwada kowane ɗan dangi ya zama abu mai sauƙi, jini kaɗan ne.

Maganar ta taso da wuri, don an riga an yi baiko tsakanin ƙanwar uban da ƙanin uwar. Kafin gwaji, kowannensu damarsa ta zama mai ɗauke da lahanin rabi ce, kasadar kowane ɗa nasu kuma 1 cikin 16. Ƙanwar uban ce ta dage sai an gwada. Sakamako ya nuna tana ɗauke da shi, saurayin ba ya ɗauke da shi, don haka 'ya'yansu ba za su yi ciwon ba, amma kowannensu zai iya gadon kwafi ɗaya, rabi da rabi. An sa ranar biki bayan Hajji.

Akwai baffa na uku, ƙanin kakannin biyu, wanda 'ya'yansa da dama ke auren 'ya'yan yayyensa. An kai masa takardar asibiti har gida, uban yaron ya durƙusa ya ce, "Baffa, ɗan jini ne kawai za a ɗiba, ba wanda za a raba da matarsa." Ya karɓa ya ninke ya sa a aljihun jallabiya, ya ce zai yi shawara. Biyu daga cikin 'ya'yansa mata sun je sun yi gwajin ba tare da sun jira shi ba. Ɗaya tana ɗauke da lahanin, tana da cikin wata 5, mijinta kuma, wanda ƙanin uban yaron ne, yana aiki a Yanbu bai samu hutun zuwa a ɗebi jininsa ba tukuna.